Gayyatar Suna a Shafina

Ranar da na buɗe shafina na intanet, mai adireshi da sunana, na fice daga duk dandalin sada zumunta. Na ce na gama zaman haya.

Da matata ta haihu, can na wallafa gayyatar suna, har da hoton rago. Ban raba goro ba, ban kira kowa ba.

Surukina bai ga gayyatar ba; da labari ya kai masa, ya ƙi tasowa daga Bulkachuwa. Da na je ban haƙuri, ya ce, "Malam, shafin ne zai yi wa yaron addu'a?"

Rubutun dai ya tsaru, yana nan har yau. Amma tun daga nan, duk wanda na gayyata wani biki a garinmu Azare, sai ya ce, "Mu zo, ko sai mun duba shafi?"