Yadda Za Ka Naɗi Muryar Rana Alhali Ba Ka San Komai a Kwamfuta Ba

Kai da takardar nan ta faɗo hannunka, ka dace. In ka bi abin da zan faɗa maka daki-daki, na yi maka alkawari za ka zauna gaban kwamfutar masana sararin sama, ka kunna manhajarsu, ka naɗi abin da iska ta kwaso na awa huɗu cur, ka tashi ba wanda ya ɗaga maka murya. Ban ce za ka naɗi abin da suke so ba. Na ce za ka naɗa.

Ni direba ne. Shekara goma sha tara ina jan motar wata tasha a bayan gari, inda aka kafa eriyoyi talatin da biyu a fili, kamar igiyoyin shanya ba kaya a kai. Wayoyinsu duk sun bi ta ƙasa sun taru a kwamfuta guda, cikin wani ɗaki mai sanyi. Aikin tashar shi ne sauraron rana. E, rana tana da murya. Ni ma na yi dariya ranar farko. Karatuna aji huɗu ne, amma na san mutane, kuma kwamfuta ba ta kai mutum wuyar sha'ani ba.

Mataki na 1: Jira sai mai ilimi ya shiga uku

Kada ka roƙi kujerar. Bari a roƙe ka.

Ni ranar kusufin rana abin ya same ni. Dakta, shugabar aikin, ta shekara biyu tana shirin wannan yini. Ta tafi wata tasha mai nisan kwana guda a mota, a kan za a naɗa can da nan lokaci ɗaya, kan mitar rediyo ɗaya, daga baya a gwada. Mai kula da tamu kwamfutar shi ne Injiniya, dogon yaro mai kirki, wanda aka taɓa ba takardar gargaɗi saboda barin kujera ana tsakar aiki. Dakta ta faɗa masa a gabanmu cewa ta biyu ta sallama ce.

Ƙarfe tara na safe aka kira shi. Matarsa na naƙuda, asibitin tafiyar awa biyu, haihuwar fari bayan shekara bakwai da aure. Ya same ni ina wanke mota.

"Baba, ka rufa mini asiri."

"Da me? Da soso?"

"Ka zauna mini a kujera. Na shirya komai, maɓalli ɗaya za ka danna."

"In maɓalli ɗaya ne, me ya zaunar da kai shekara shida a jami'a?"

"Baba, don girman Allah, ba lokacin wasa ba ne."

"To, ni me zan samu?"

"Duk abin da ka ce."

"Makullin ɗakin sanyi. Kullum in rana ta take, in shiga in miƙe ƙafa awa biyu. Sannan in abu ya lalace, ba ka taɓa ganina a ɗakin nan ba."

"Ban taɓa ba, Baba."

Muka tafa, hannuna duk kumfa. Ka riƙe wannan: mutumin da matarsa ke naƙuda ba ya tayin ciniki, duk abin da ka yanka masa ɗauka yake.

Mataki na 2: Koyi abu huɗu, ka toshe kunne ga na biyar

Manhajar tana da wata takarda a cikinta, fayil suke ce mata, inda ake rubuta mata umarni kamar yadda ake yi wa sabon kwandasta. Layi huɗu ne naka. Sunan aikin. Mitar da za a saurara, tamu 20.1 ce. Lokacin farawa. Sai ma'ajiyar da za a zuba abin da aka naɗa. Ita ma'ajiya ka leƙa ta kamar tankin mai kafin doguwar tafiya, domin in ta cika a hanya, manhajar tsayawa take ba ko sallama.

Za ka ga agogon kwamfutar ba ya tafiya da na bango. Hannunka zai yi ƙaiƙayi. Danne shi. Wai agogon duniya ne, duk tashoshi da shi suke aiki. Ni na gani, na bar shi yadda yake, kuma ina son a rubuta mini wannan, don a san akwai abin da ban taɓa ba.

Injiniya ya riga ya kai ƙofa sai ya dawo da gudu.

"In wuta ta yi wargi, ga yadda ake tsayarwa, ga yadda ake buɗe fayil a duba, ga yadda ake sake kunnawa. Amma kada ka taɓa komai, Baba."

Wannan shi ne na biyar. Da na toshe kunne, da ba ka karanta takardar nan ba.

Mataki na 3: Kashe duk abin da ke motsi a gidan

Eriyoyin nan kunnen tsegumi gare su. Babur in ya wuce, sun ji. Walda, caja, doguwar fitilar nan mai ƙyaftawa, duk suna shiga cikin naɗin su ɓata shi. Saboda haka ka rataya katin shaidar aikin Injiniya a wuya ka zaga, yau kai ne hukuma.

Mai gadi bai yi gardama ba, ya tura baburinsa da hannu har bakin titi. Mai waldar tsallaken hanya na yi masa alkawarin ɗaukar masa ƙarafa a mota, ya rufe shago. Matsalar tana kicin. Mai girkinmu, Uwar Tukwane, na tarar da ita ta jona injin markaɗe.

"Hajiya, a kashe."

"In ji wa?"

"In ji kimiyya."

Ta dubi katin da ke wuyana, ta dubi fuskata. "Wannan hoton mai gashi ne, kai kuwa kanka kamar gindin tukunya. Tsohon banza, ina ka kai yaron mutane?"

Dole na faɗa mata. Ta ce, "Allah ya sauke ta lafiya," ta zare wayar injin, ta ɗauko turmi. Kada ka yi wa mai girki ƙarya. Duk gidan cikinsu a hannunta yake, har da naka.

Mataki na 4: Danna, ka gyara zama

Lokaci na cika, danna maɓallin da ya fi kowanne girma. Wata 'yar fitila za ta koma kore, launuka su fara gangarowa a allo kamar ruwan wanki a kwata, lambobi na ta hawa. Shi ke nan, kana naɗa. Duk bayan minti goma za ka ga layi ya yi tsalle ya sauko. Kada gabanka ya faɗi, na'urar ce ke gwada kunnenta.

Haɗe gira, ka ɗora hannu a haɓa. In wayar tebur ta yi ƙara, ɗauka ba rawar murya.

"Baba Direba? Ina Injiniya?" in ji Dakta.

"Ya fita, ranki ya daɗe. Ya ce in gaya miki komai kore ne."

"Madalla."

Ka lura, ban yi ƙarya ba. Ya fita, kuma komai kore ne.

Mataki na 5: Kada ka sa abin ji a kunne

A gefen kwamfutar akwai abin ji, wanda Injiniya ke sawa in yana neman abin da ke ɓata masa naɗi. Kada ka dube shi. Ni na yi minti arba'in ina kawar da kai, sannan na ce bari dai in ji muryar ranar nan da nake wa tuƙi shekara goma sha tara.

Shuuuuu.

Na gyara shi a kunne. Shuuuuu. Ba magana, ba kiɗa, ba komai.

To ka tsaya ka fahimce ni. Shekara arba'in ina tare da rediyo. A tashar mota, a bakin iyaka, a daji da taya ta fashe, duk inda na zauna ni ake miƙo wa rediyo in kamo gajeren zango. Abin da rayuwa ta koya mini ɗaya ne: in ka ji shuuu, ba ka kama ba tukuna, murɗa gaba. Sai tausayin yaron nan ya kama ni. Cikin ruɗu ya saita mitar ba daidai ba, zai dawo ya tarar da awa huɗu na iska, a kore shi da jariri a hannu. Ina zaune za a yi haka?

Na tsayar. Na buɗe fayil. Na mai da 20.1 ta koma 20.5, na kunna. Shuuu. Na kai ta 21. Shuuu, amma da ɗan motsi a ƙasa, irin wanda sai tsohon hannu ke ji. Na ƙara kaɗan. Sai ga wani jan layi ya miƙe a allo kamar falwaya, murya ta fito tar, kamar mutumin yana zaune kan cinyata:

"...in ka ga kazarka ta sauke fiffike tana gyangyaɗi, ware ta daga sauran..."

Na ƙwala wa Uwar Tukwane kira, na ɗora mata abin jin.

"Wannan ce ranar?" ta ce. "Ashe namiji ce?"

"Ba ita ba ce tukuna. Amma dubi ƙarfin layin. Duk abin da ya fito haka, alheri ne."

Can sai haske ya dusashe a taga, tsuntsaye suka yi tsit, mai gadi na ta salati a waje. Muka leƙa, muka koma. An zo kan maganar allurar 'yan tsaki, ba na son ta wuce ni. Shirin ya ƙare, aka karɓi tambayoyin masu sauraro, aka maimaita shi daga farko. Awa uku da minti ashirin, ko tari naɗin bai yi ba.

Mataki na 6: Rufe aiki da tsafta

Tsayar da manhaja, ka ga fitila ta koma ja, ka goge tebur, ka mai da kujera inda take. Da la'asar sakaliya Injiniya ya shigo yana washe baki.

"Mace ce, Baba! Suna lafiya!"

Na rungume shi. Ya zauna, ya buɗe naɗin, ya sa abin ji. Na ga murnar tana sauka daga fuskarsa kamar taya mai ƙusa.

"Baba. Mene ne wannan?"

"Na gyara maka. Naka duk shuuu ne."

"Shuuu ɗin ita ce ranar, Baba! Ita ce! Ita muka shekara biyu muna jira!"

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, na kuma yi zamani da 'yan sandan hanya. Na ce a goge. Ya ce manhajar tana da rajista, duk abin da aka taɓa tana rubutawa da minti da sunan wanda ya shiga, kuma kwafin ya riga ya isa wurin Dakta. Sunan da ke ciki nasa ne, sau huɗu.

Mataki na 7: Bar mai ilimi ya yi bayani

Bayan kwana biyu Dakta ta iso. Ta zauna a ɗakin sanyi, ta saurari minti biyar na kiwon kaji. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na buɗe baki zan ce ni ne, Injiniya ya yi mini wani kallo. Sai na gane. In na amsa laifina, na tabbatar ke nan ba ya kan kujera. Gaskiyata ita ce takardar sallamarsa. Na haɗiye ta.

"Kana kan kujerar nan ranar?" in ji Dakta.

"Ina kai, Dakta."

"Kai ka sauya mitar?"

"Ni ne."

"Don me?"

Yaron nan ya dubi silin, ya dubi takalminsa. "Ina kiwon kaji, Dakta. Mura suke yi."

Ta kalle shi. Ta juyo ta kalle ni, na shiga nazarin makullan mota.

"Guda nawa?"

"Goma sha biyu."

"Gargaɗin da na yi maka na barin kujera ne," ta ce. "Ban taɓa tunanin zan buƙaci na wauta ba. Za ka rubuta wa sauran tashoshi bayani da hannunka, ka sa sunanka a ƙasa. Wata mai zuwa zan dawo, ka ajiye mini ƙwai." Ta ɗauki jakarta. Sai da ta kai ƙofa ta ce, ba ta waiwayo ba, "Ka gaishe mini da mai jego."

Lissafin ƙarshe

Dakta ita ta yi asara. Minti arba'in ta samu, duk kafin wata ya taɓa rana, irin wannan kusufin kuwa sai nan da shekaru. Har yau in na ɗauko ta a mota ba na kunna rediyo.

Injiniya ya tsira da aikinsa, ya ga 'yarsa ranar da ta zo duniya. Amma a taron masana yanzu Mai Kaji suke kiransa, kuma a satin ya sayo kaji goma sha biyu ya gina musu keji bayan kicin, domin Dakta duk zuwanta sai ta ƙirga su.

Riba tawa ce da Uwar Tukwane. Ni ke kula da kajin, tun da a tashar ni kaɗai na saurari shirin har sau biyu. Ko ɗaya ba ta mutu ba. Ni ke kwasar ƙwai, ita ke soyawa.

In ka bi matakan nan aka kore ka, ko aka kori wanda ya amince da kai, ko wata baiwar Allah ta rasa aikin shekara biyu, kada ka zo ƙofata. Ni direba ne, ban san kwamfuta ba, ban taɓa shiga ɗakin nan ranar kusufi ba, kuma ina da Injiniya guda da zai rantse a kan haka.