Jitar Yaya Modu

Ranar sadakar arba'in ta yayana Modu, abokan kiɗansa suka zo gidanmu a Diffa. Ɗayansu, Ari, ya roƙi a ba shi jitar lantarkin marigayin, ya riƙa zuwa biki da ita. Na hana. Na ce wanda ya saba da jabun kasuwa bai san darajar wannan ba. Har wa'azi na yi musu, cewa mai liƙa sunan kamfanin wani a kan katakonsa maƙaryaci ne, Yaya kuwa bai san ƙarya ba. Na ɗaga ta, na nuna sunan Turawa a wuyanta.

"Orijinal ce, daga Amurka!"

Sai matar Yaya, Falmata, tana cikin takaba, ta yi magana daga bayan labule tana dariya: "Ƙanin miji, ajiye a hankali. Kafinta ya sassaƙa ta a nan ƙauyen Gagamari. Sunan kuwa yayanka ya rubuta, da fentin da ake sa wa buhunan tattasai alama."

Dariyarta ta farko ke nan tun rasuwar.

Ari ya tafi da jitar. Ni kuwa har yau in na shiga kasuwa sai na ji: "Orijinal! Ya mutanen Amurka?"