Babur ɗin Surukina da Bijimin Jatau

Ba zan taɓa mantawa da babur ɗin surukina ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina. Lokacin Bature bai tafi ba tukuna, ana dai ta raɗe-raɗin tafiyarsa. Babura a Kontagora ba su da yawa, tun daga ƙara ake gane na wane ne ke zuwa. Ni kuwa sabon ango ne, sana'ata karantarwa da kwafar littattafai da ajami. Hannuna ya san alƙalami da tawada, ƙarfen da ya sani bai wuce 'yar wuƙar fiƙe alƙalami ba.

Surukina, Malam Usmanu, Allah Ya jiƙansa, malamin dabbobi ne na En'e, yana bin rugage da babur yana yi wa shanu allura. Matata Hajara ita ce 'yar farinsa, saboda haka bai taɓa kama sunanta ba, balle nawa. In muka haɗu a hanya sai in tuɓe takalma in durƙusa a gefe, shi kuma ya amsa gaisuwata yana duban wani wuri. Duk saƙon da ke tsakaninmu ta bakin wani yake bi.

Wata damina kurkunu ya kama shi a ƙafa ya kwantar da shi. Sai ya sa aka turo babur ɗin gidana, aka ce in riƙa ɗumama shi kada zama ya lalata shi. Amana ke nan, ta farko da ya taɓa ba ni bayan 'yarsa. Na kuwa ɗumama shi fiye da yadda aka ce (har masallacin unguwarmu, wanda ana jin tarin liman daga zaurena, a kan babur nake zuwa). Ana nan wata safiya na buga shi ya ƙi tashi. Na buga har cinyata ta yi tsami, ko tari bai yi ba. A makon nan kuma saƙo ya zo cewa ƙafar Malam ta yi sauƙi, ciwo ya ɓulla a shanun wajen Mashegu, zai buƙaci abin hawansa.

Hajara ta ce bari ta je ta gaya wa innarta, ita kuma ta gaya masa. Na ce kul. Yaya za a ce an ba ni abu da rai na mayar da gawa? Ban da haka, na taɓa zama kusa da wani makaniki a Minna ina jiran jirgi, na ga ya buɗe gefen injin babur, ya cire wani faifan ƙarfe mai nauyi da suke kira fulawil, ya goge abin da ke ba da wuta a bayansa, babur ya tashi. Kallo ɗaya na yi, amma a raina na ɗauka na sauke karatun.

Na yi bisimilla, na ɗauko sifana daga jakar babur ɗin, na cire murfi. Ga fulawil, ga noti guda a tsakiyarsa. Da ƙyar notin ya saki, na yi hamdala. Na juya shi kaɗan yana tafiya lafiya, sai kawai ya sake cijewa, ya fi na farko tauri. Na ce shi ke nan, na cinye haƙoran noti, in na matsa zai karye. Na mayar da shi baya, na sake gwadawa, ya sake cijewa a daidai wurin nan. Noti bai fita ba, faifai bai motsa ba.

Daga nan na shiga dabaru. Na ɗura masa man gyaɗa. Na narka man kaɗanya na shafe shi, na shafe kaina ban sani ba. Na aro guduma na ƙwanƙwasa gefe da gefe. Na cusa guntun ice a bayan faifan na danna, icen ya tsage. Faifan nan yana zaune kamar tare aka halicce su da injin.

A haka maƙwabcina Jatau ya same ni. Mutumin wajen Rijau ne, Kirista, manomi, yana cikin waɗanda suka fara huɗa da shanu a wajenmu, kuma bai da aiki sai tsokanata. Ya tsaya ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, wannan soya shi za ka yi ko gyara? Na ga mai ya isa, saura albasa."

Na ba shi labari. Ya zagaya babur ɗin, ya ce shi bai san inji ba, amma ya san abin da ya ƙi fita. Kututturen da ya gagari maza a gonarsa, bijiminsa ne ya tumɓuke shi. Me zai hana a ɗaure babur a jikin mangwaro, a zarga igiya a bayan faifan, a ce wa sa ya ja? Na so in ce muku na yi gardama. Ban yi ba. Har cewa na yi, "Jatau, Allah Ya ba ka basira."

Muka fito da babur ƙofar gida. Jatau ya kawo igiyar huɗa mai ƙwari, ita muka ɗaura wa faifan. Wadda ta riƙe babur a jikin mangwaro kuwa tsohuwar igiyar gugan gidana ce (ban yi tunanin wacce za ta fara sallamawa ba, sai daga baya). Mutane suka fara taruwa. Na ɗaga hannu kamar mai ba da umurni a filin daga, na ce a ja.

Bijimi ya sunkuyar da kai ya yunƙura. Igiyar guga ta ce tas. Babur ya kife, ƙarar faɗuwarsa ta firgita san, ya zabura ya miƙe hanyar kasuwa yana jan amanar surukina a cikin taɓo. Jatau na binsa yana yi masa magana da yarensu, ni ina bin Jatau, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, ina ta innalillahi.

Ba mu yi nisa ba san ya tsaya cak, domin wani ya tare hanya ya kama igiyar hancinsa yana shafa masa wuya. Wanda ya saba da shanu ne, ba shakka. Na ɗago kai, sai ga Malam Usmanu, da sanda, ƙafa a naɗe da tsumma. Fitowarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta, ya taho ya ga lafiyar gidanmu.

Na tuɓe takalmin da ya rage na durƙusa a cikin taɓon. Man kaɗanya na naso a fuskata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Bai dube ni ba, kamar kullum. Bai kuma dubi babur ɗin ba. Ya gaisa da Jatau a natse, ya tambayi gona, ya yaba ƙibar san, har ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Sai da 'yan kallo suka ga ba za a yi abin da suke jira ba suka fara watsewa, sannan ya ce:

"Jatau, shekarar da na karɓi babur ɗin nan, wuni na yi a kan notin can. Har maƙeri na kira ya hura masa wuta, na ƙona wayoyin ciki. Ashe in ya saki ya sake kamawa, ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ya fara. Shi ne ke turo faifan waje. Ci gaba ake yi da juyawa, a ɗan taɓa sifanar da guduma. In ka ga mai buƙata, ka gaya masa."

Jatau ya ce, "To, Baba. In na gan shi." Yana faɗa yana cije leɓe, ni ina gefen ƙafarsa.

Malam ya ce ƙafar ta fara yi masa zugi, zai koma, a gaida mutanen gida. Ya juya ya tafi, bai waiwayo ba.

Muka tayar da babur muka turo shi gida. Na sa sifana, na juya har inda notin ke cijewa, na yi bisimilla na taɓa ta da guduma. Sai na ji ƙas, faifan ya saki ya faɗo mini a tafin hannu. Na goge abin wutar, na mayar da komai, bugu na biyu ya tashi. Allah Ya rufa asiri cikin injin bai taɓu ba, sai dai gilashin fitila ya fashe, tanki kuma ya loɓa a gefe.

Haka na mayar masa, ya tafi Mashegu a kan lokaci. Har ya bar duniya bai taɓa tayar da maganar ba, bai kuma sa an buge tankin ba. Wani Ardo ya taɓa tambayarsa a gabana me ya sami babur ɗin, ya ce, "Sa ne. Mai aiki da shanu ai ba ya rasa tabo." Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ni ba. Duk sallar da na yi, ina sa shi a addu'a saboda wannan amsar.

Abin da na koya kuwa ba mai yawa ba ne: kunya ado ce, amma ba ta kwance noti. In abin wani ya gagare ka, nemi mai abin tukuna kafin ka nemo sa.