Bijimin da Na Kai Darki

Lokacin da kuɗin mai ya sa kowa rububin kajin turawa da takin zamani, ni gyaran irin shanun gidanmu na Darki na sa a gaba. Na tara 'yan'uwa na yi musu lacca: ba allura, ba abincin buhu, ciyawa da harawa kawai, sai bijimi nagari ya yi aikinsa.

Ranar Juma'a na shiga kasuwar shanu ta Wudil da kwat ɗina na ofis. Na duba haƙora, na shafa tozo, na zaɓi wanda ya fi ƙiba da natsuwa. Ko'ina na duba ban da ƙarƙashi.

Damina guda ya yi a tsakiyar shanu yana tuƙa kamar mai gadi. Na ce baƙunta ce. Da na gaji, na kai kuka wurin Baffa, ƙanen mahaifina.

Ya ce, "Ɗana, ai dandaƙaƙƙe ne, tun yana maraƙi aka gama da shi. Ranar da ka kawo shi muka gani."

"To, me ya hana ku faɗa, Baffa?"

"Lacca kake yi, ba ma son mu katse ka."

Har yau in saniya ta haihu a Darki, ni ake zuwa yi wa barka.