A Tsaya, A Sake

Wani ne a nan Bhopal ta ƙasar Indiya, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki. Shekara talatin yana yi. Kun dai san irinsu, a gidan biki ko uban amarya sai abin da mai kyamara ya ce. To wannan ya fi su duka. Maganarsa ɗaya ce a duniya: "A sake."

Liman zai gama ɗaura aure, an shafa fatiha, sai ya ce bai kamo fuskar ango ba, a sake. Liman ya sake. Ango ya sa wa amarya dunƙulen alawar laddu a baki, ya ce a sake, har sai baiwar Allah ta haɗiye guda bakwai tana neman ruwa da ido. An taɓa raka wata amarya mota, ta sha kukanta, uwa ta yi nata, ƙanne sun yi nasu, direba ya tayar da mota. Mutumin nan ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce batir ya mutu tun a bakin ƙofa. Haka aka fito da ita aka mayar cikin gida, kowa ya shiga neman sabon hawaye.

Matarsa Shagufta ita ta san zafin abin. Bikin ɗansu Tanwir ma bai gan shi da idonsa ba, yana can yana fama da kyamara. Sai bayan sati biyu, da ya zauna tace hotunan, ya ƙwala mata kira yana cewa ashe ƙanwarta ta zo.

Da aurensu ya cika shekara talatin, Tanwir ya saya musu tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, irin mai tashi daga Mumbai zuwa Goa ya dawo. Sharaɗi ɗaya ne, kyamara ta zauna a gida. Mutumin ya rantse har da dafa ƙirji. Ranar tafiya sai ga shi da kwanon abinci mai hawa huɗu, wai yajin mangwaro ne a ciki, don bai yarda da girkin jirgi ba. Ba su yi awa ɗaya da shiga ɗakinsu ba Shagufta ta buɗe kwanon. Hawa na farko batir, na biyu fitila, na uku igiyar caji, a can ƙasa kuwa ga kyamara kwance cikin tawul kamar jaririya.

Ba ta yi faɗa ba, kuma duk wanda ya san Shagufta ya san gara faɗanta da shirunta. Ta jawo shi bakin taga ta nuna masa teku.

"Baban Tanwir, ka ga wancan ruwan?"

"Na gani."

"To ranar da na ga abar nan a hannunka cikin jirgin nan, a can za ta kwana. Kwana uku kacal nake so ka kalli duniya da idon da Allah ya ba ka."

Ya ce ai shi ma ajiya kawai ya kawo ta, kada ɓarayi su shiga gida.

Washegari da la'asar akwai wasa a babban zauren jirgin. Ya ce sanyin na'ura na kama masa ƙirji, ya lulluɓa da wani ƙaton mayafi. Shagufta ta lura tumbinsa ya ƙaru, amma ta ɗauka shinkafar biriyanin rana ce, don ta ga aikin da ya yi wa faranti uku.

Kafin a ɗaga labule, mai kula da zauren ya hau dandamali, wani dogo ɗan Goa mai suna Pinto. Ya karanto dokoki da Hindi, ya maimaita da Turanci. Ba a ɗaukar bidiyo. Ba a kunna filasha, domin tana kashe wa 'yan wasa ido. Ba a tsayawa a hanya a tare wa na baya. Mai son hoto ya jira ƙarshe, in 'yan wasa sun jeru suna gaisuwa, a lokacin kowa ya ɗauka son ransa.

Mutumin ya ji kamar ubansa aka zaga. Ya raɗa wa matarsa cewa in babu mai ɗauka, gobe wa zai shaida an yi wasan? Ta ce shi zai shaida, da idonsa, in ya samu ya rufe bakinsa.

Aka fara da rawa. Minti biyar yana mutsu-mutsu kamar wanda ya zauna a gidan tururuwa. Can sai ya haɗa yatsunsa huɗu ya yi 'yar taga, ya kanne ido ɗaya, yana bin 'yan rawa ta ciki. Pinto ya hango hannu a sama daga nesa, ya taho da 'yar tocilarsa ya haska. Babu waya, babu kyamara, yatsu ne zalla.

"Yallaɓai, me kake yi haka?"

"Motsa jini. Ko yatsu ma an hana?"

Pinto ya laluba dokokin kaf a kansa bai samu ba, ya koma wurinsa.

Ita kuwa Shagufta wasa ya riga ya tafi da ita. Tana dariya tana rufe baki da gyale, rabonta da irin wannan dariya tun kafin a yaye Tanwir. Ko kallonsa ba ta yi ba da ya ce zai zaga banɗaki.

Bai je ko'ina ba. Ya laɓe bayan wani ginshiƙi, ya zaro kyamara daga ƙarƙashin mayafi. Niyyarsa minti biyu kawai, babu fitila, babu wanda zai sani. Kuma da rawar aka ci gaba da yi, wallahi da ya sha.

Sai ga ganguna. Sai ga ango da rawani a kan doki, dokin kuwa mutum biyu ne cikin rigar yadi, ɗaya kai, ɗaya gindi. Sai ga amarya cikin jajayen kaya, ƙawaye na watsa mata fure. Ashe wasan biki ne za a yi.

Hali dai zanen dutse. Ƙafafunsa ba su yi shawara da shi ba. Ya biyo hanyar tsakiya a duƙe, ya ture kan wani dattijo gefe yana cewa, "Baba, kanka na cikin hoto." Ya ga hasken wurin bai yi masa ba, ya kunna fitilarsa, wadda ko a filin biki sai an kare ido. Daidai lokacin ango ya rataya wa amarya sarƙar fure, da sauri, kuma ya juya wa jama'a baya. Shekara talatin mutumin nan bai taɓa barin irin wannan ɓarna ta wuce ba. Kafin ka ce kwabo yana kan dandamali.

"A tsaya. A sake."

Makaɗa suka tsaya cak. Shi kuwa angon wasa, ɗan ƙasa ne, an yi masa nasa auren na gaske, ya kuma je na mutane ya fi ɗari. Jikinsa ya bi umarni tun kafin kansa ya farga. Ya cire furen, ya sake ratayawa a hankali, yana murmushi yana kallon kyamara.

"Yauwa. Amarya, ido ƙasa, kunya ake so. Ango, rage haƙoran nan. To, dangin amarya, a hau."

Layi na farko da na biyu suka miƙe. Babu wanda ya san amaryar, amma ai kowa ya san in mai bidiyo ya ce a hau, hawa ake yi. Aka ja layi a bakin matakala. Wata tsohuwa 'yar garin Pune ce ta fara isa, ta dafa kan amarya ta sa mata albarka, ta yi mata addu'ar 'ya'ya maza, sannan ta tambayi inda aka ajiye abinci. Na baya da suka ga doka ta karye, kowa ya zaro wayarsa, filasha ta dinga tashi kamar walƙiyar damina.

Pinto ya taho a guje yana haki. Kafin ya buɗe baki mutumin ya cafke masa hannu.

"Kai ne baban amarya? Ina ka shiga tun ɗazu? Tsaya nan gefenta. Ɗaga haɓa."

Pinto ya ɗaga haɓa. Har ya yi murmushi kafin ya tuna ko shi wane ne.

Da abin ya tsaya a nan, da da sauƙi. Amma mutumin ya ce saura doki, ya juya fitilar ya dallare shi. Na gaba a cikin yadin ido ya mutu, ya yi hagu. Na baya bai san abin da ake ciki ba, ya yi dama. Yadi ya ce ɓarrr. Kan doki ya faɗa cikin makaɗa, gindin ya shige labule, sai aka sauke labulen a kan kowa da kowa.

A ofishin Pinto aka ƙare. Ya sa shi ya goge duk abin da ya ɗauka a gabansa, mutumin yana gogewa yana jan hanci kamar mai binne ɗan'uwa. Sannan Pinto ya ce a bisa doka zai riƙe kyamarar har sai an isa Goa. Mutumin ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya hango Shagufta tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannu. Nan take ya tura wa Pinto kyamarar a ƙirji.

"Don Allah riƙe ta. Wace Goa, riƙe har Mumbai. Sa ta a akwatin ƙarfe, makullin ma ka haɗiye."

Shagufta ta shigo a hankali, ta yi wa Pinto sannu da aiki.

"Kada ka wahalar da kanka, ɗan'uwa. Ni zan ajiye ta inda ba za ta ƙara damun kowa ba."

Pinto ya dubi fuskarta sau ɗaya. Shi ma mai mata ne. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta haura saman jirgi, mutumin yana binta a baya yana magiya. Ya ce kyamarar nan ita ta ciyar da su, ita ta yi wa Tanwir makaranta. Ya ce ya tuba, daga yau ko hoton fasfo ba zai ƙara ɗauka ba. Ya haɗa ta da Allah, ya haɗa ta da iyayenta, har da kakarta da bai taɓa gani ba. Ita dai abu ɗaya ta ce masa: a shekara talatin yau ce kaɗai ta zauna tana dariya tana zaton yana gefenta, ta juyo za ta taɓa shi, sai ta gan shi a kan dandamali yana gyara wa amaryar wasu gyale.

Suka iso bakin ƙarfen da ya kewaye jirgin, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ga allo nan a kafe, an rubuta ba a jefa komai a cikin teku. Pinto, wanda ya biyo su daga nesa, ya ga wani abu mai muhimmanci a sararin sama ta ɗaya gefen, ya juya yana ta kallonsa.

Shagufta ta ɗaga kyamara da hannu biyu, ta ja baya, ta cilla. Kyamara ta yi sama, ta juya sau biyu, ta ce tsundum.

Ta karkaɗe hannu ta juyo, ta ga ko zai suma. Sai ta tarar da shi ya ɗan durƙusa, ya kanne ido ɗaya, wayarsa a sama. Shi kansa bai san lokacin da hannunsa ya shiga aljihu ba. Ya sauke wayar, ya duba abin da ya ɗauka, ya girgiza kai.

"Kash. Rana na bayanki, fuskarki duk ta yi baƙi. Bai fito ba."

Shagufta ta miƙa masa hannu.

"To kawo wayar, a sake."