Zakaran Gaisuwar Surukai

Wani mutum ne dai, dillalin citta, da ke neman auren Afiniki a wani ƙauye bayan Kafanchan. Uwarta, Mama Larai, ta ce ita har yau ba ta ga alamar hankali a tare da shi ba. Sai ga sa'a: ogansa zai je duba gona kusa da ƙauyen a ƙaramin jirgin sama, irin mai farfela a hanci, ya ce ya zo su tafi. Mutumin nan ya aika ƙauye kowa ya fito fili. Ya sayi ƙaton zakara a Sabon Tasha na gaisuwar surukai, ya rungume shi kamar jariri.

Suna sama ya hango rufin gidan su Afiniki. Ya hau dukan jikin jirgi.

"Direba, akwai sauka! Ka wuce, ka wuce!"

Matuƙi ya ce, "Malam, zauna. Kuma ka ji da kyau. In mun sauka, kada ka buɗe ƙofa sai farfelan nan ta tsaya cik. In tana juyawa ido ba ya ganinta. Ka fita ta wajen wutsiya, ban da gaba."

"Ta baya? Ni da na zo neman aure? Ɓarawo ne ni?"

"Na dai gaya maka."

Taya na taɓa ƙasa ya hango jama'a tsaye can gaban jirgi, Mama Larai a tsakiya da sabon ɗankwali. Ina zai iya jira! Mutumin da ko bas bai taɓa bari ta gama tsayawa ba. Ya ɓalle ƙofa ya dira, ya ɗaga zakara sama, ya nufi hancin jirgi yana washe baki.

"Mama, sannu da gida!"

Mata suka sa ihu. Shi a zatonsa guɗa ce, sai ya ƙara sauri.

Allah ya sa Nelson, yayan Afiniki, gola ne a ƙungiyar ƙwallon coci. Ya zagayo da gudu, ya yi sufa ya cafke ƙafafunsa, suka zube tare. Zakara kuwa ya kuɓuce ya yi gaba. Fat-fat-fat! Gashi ya tashi har kan bishiyar mangwaro. Ƙafa ɗaya aka tsinta.

Matuƙi ya kashe inji ya fito.

"Taku biyu ya rage! Da kanka ne ya zama haka!"

Mutumin ya rarrafa gaban suruka, ya miƙa ƙafar zakara da hannu biyu.

"Mama, ga gaisuwa. Sauran yana hanya."

Mama Larai ta cire gashi daga ɗankwalinta. Ta dubi ƙafar, ta dube shi, sannan ta juya wajen ɗanta.

"Kai Nelson, da yake ɗaya za ka kama, mene ya hana ka kama zakaran?"