Tef ɗin Famfo a Kan Mashin

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na kifar da surukina a gaban 'yan ɗaurin aure ba. Ni mai gyaran famfo ne a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma a lokacin gani nake duk wanda ya iya ɗaure bututu, babu abin da zai gagare shi a duniya.

Kan mashin ɗina ne ya fara rawa. Akwai wasu ƙarafa biyu da ke riƙe da shi, kowanne da noti. Na ɗauko sifana na danna wa ɗaya irin ƙarfin da nake danna wa bututu, sai ji na yi ya saki, yana ta juyi a banza. Na cinye tiredin ramin, wato haƙoran da noti ke kamawa. Na koma kan na biyun, shi ma na cinye shi (wai don in tabbatar ba laifina ba ne).

Na kai wa Malam Habu bakanike, ya leƙa ramukan ya ce, "Injiniya, sai an cire ƙarafan nan an faɗaɗa ramin, a yanka sabon tiredi. Bar shi zuwa gobe da yamma."

Na yi tsaki. "Rami biyu ne har sai sun kwana? Ni a wuni ɗaya nake haɗa banɗaki sukutum!" Na ja mashin ina cewa a raina, mutanen nan in kayanka bai kwana a rumfarsu ba, ba sa jin sun yi aiki.

Ina zuwa gida na zaro farin tef ɗin da muke naɗa wa bakin famfo, na nannaɗe notin nan biyu, na mayar. Suka kama gam! Wallahi har tausayin Malam Habu na ji: mutum ya tsufa cikin baƙin mai, bai gano wannan 'yar dabarar ba.

Washegari akwai ɗaurin aure a Tarauni, sai motar Alhaji, mahaifin matata, ta ƙi tashi. Mutumin nan tun da na auri 'yarsa bai taɓa yarda da aikin hannuna ba. Ko famfon gidansa ne ya lalace, wani yake kira. Abin yana ci min rai, shi ya sa na ce yau zan wanke kaina.

"Baba, in babu damuwa in kai ka."

Ya dube ni, ya dubi mashin, ya tattare babbar rigarsa ya hau.

Lafiya lau muka tafi har ƙofar masallaci. Da na hango jama'a sai na gyara zama don a ga wanda na ɗauko. Na taka birki, kan mashin ya sulale gaba, ƙirjina ya daki tanki. Alhaji ya rungume ni ta baya yana salati (mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi), muka gangara cikin kwata tare.

Allah ya tsare, babu wanda ya karye. Amma farar shaddar Alhaji ta tashi daga aiki, hularsa kuwa tana yawo a kan ruwa. Kuma cikin waɗanda suka ciro mu har da Malam Habu, ashe shi ma an gayyace shi. Ya nufi mashin ɗin. Da yatsu biyu ya zare noti, tef ya biyo shi zarara kamar taliya, ya ɗaga sama kowa ya gani.

Alhaji ya daɗe yana kallon tef ɗin, sannan ya ce a hankali, "Ashe famfo na hau."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Kwana uku mashin ya yi a rumfar Malam Habu, ko tsaki ban yi ba. Alhaji har yau wani yake kira wa famfonsa, kuma na daina ganin laifinsa. Abin da na koya shi ne, farin tef yana hana ruwa ɗiga, amma ba ya riƙe suruki.